Sakatar Keken Tashi-Mu-Je

Duk wanda ya taɓa zama a gidan hayar nan na bayan tashar mota, mai hawa biyu da tankin ruwa a kansa, ya san Tashi-Mu-Je. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san ƙeyarsa, don ita aka fi gani. Dattijo ne siriri mai dogon wuya, ƙafafu kamar sandunan shanya, sana'arsa gyaran sikeli. Na mahauta, na masu hatsi, na masu sayen tsofaffin ƙarafa, har wanda ake ɗora jarirai a asibiti, duk sikelin da allurarsa ta fara ƙarya shi ake nema. Sai dai nemansa ma aiki ne. A ce maka yana kasuwar kifi, kafin ka isa ya tsallake gada. Ka tsallaka, a nuna maka kofin shayin da ya sha rabi ya bari, yana tururi.

Sunan ya samo shi tun yana yaro. In mahaifiyarsa ta je da shi gidan mutane, ba ta gama gaisuwa ba zai kama gefen mayafinta yana ja, yana cewa ta tashi su je. A tambaye shi ina, bai sani ba. Su dai je. Yau ga furfura har a gira, sunan na nan, halin ma na nan.

An kai shi koyon gyaran agogo, aikin da ake yi a zaune, ido ɗaya a rufe. Kujerar ta zame masa kamar an shimfiɗa ƙaya. Wata rana maigidansa ya aike shi mayar da wani ƙaramin sikeli da aka gyara, yaro bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi, rungume da waɗansu matattun sikelolin da ya bi shago-shago ya tattaro. Maigidan ya dube shi, ya dubi kujerar, ya ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a, agogo ba ya son mai ƙaiƙayin ƙafa.

Da fari a ƙasa yake yawonsa. Daga baya ya yi babban keke, irin mai nauyin nan, wanda yaran mota suka tsana. In sun ga dama su ƙi ɗauka, in sun ɗauka su ɗaure shi a sama su danne da buhuna, a sauke masa shi taya ta lanƙwashe. Yana cikin wannan wahala ne ya gyara wa wani mai kayan gwanjo sikeli, mutumin ya nuna masa wani keke a lungun shago, ƙanƙane, ya rabu biyu a tsakiya yana reto, ya ce ya ɗauka ko zai samu abin cirewa a jiki. Su duka biyun sun ɗauka karyayye ne. Ya kawo shi gida ya yar a tsakar ɗaki, ya fice.

Matarsa, wadda gidan duka ke kira Mai Ƙanƙara saboda firizar da take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, ita ta zo shara. Abin ya tare mata hanya, ta sa gindin tsintsiya ta ture shi. Rabin nan ya juyo ya haɗu da ɗan'uwansa, wata 'yar sakata da ke ƙugun keken ta faɗa raminta, ƙwas. Sai ga keke tsaye cak, lafiyarsa lau. Har yau in zancen ya taso takan ce ba ta da wanda za ta kai ƙara, tsintsiyarta ce ta ja mata.

Ranar da ya fara fitowa da shi, Tela, mai shago a bakin ƙofar gidan, sai da ya saki almakashi don dariya. Dogon mutum a kan tayoyi kamar faranti, gwiwoyi na gaisawa da kunnuwa. Tela ya ce ya mayar wa jikan mutane kekensa tun iyayen ba su biyo sawu ba. Tashi-Mu-Je ya buga ƙararrawa ya wuce.

A tasha ne abin ya nuna kansa. Masu kaya na ta cacar baki da yaran mota, shi kuwa ya zare sakata, ya karya keken biyu, ya kwantar da kan, ya tura sirdi ƙasa, ya lanƙwashe feda, kafin yaron mota ya buɗe baki ya shige da abinsa ya ɗora a cinya kamar jariri. A jirgin ƙasa ya tura shi ƙarƙashin kujera. A jirgin ruwa na fito ya zauna a kansa. Inda mota ta ce iyakarta ke nan, nan tasa tafiyar take farawa: ya sauka, ƙwas, ya ɗaure jakar kayan aiki a baya, duwatsun awo kowanne cikin tsohuwar safa don kada su dame shi da ƙara, ya bi 'yar hanya. In dare ya riske shi a wani gari, ya roƙi kwana a shagon mai sikelin, keken ne matashinsa. Akwai ranar da wata tsohuwa a cikin mota ta ga abin a ninke, ta zaci keken guragu ne, ta tashi ta ba shi wurin zama tana yi masa addu'ar samun sauƙi. Ya amsa da amin, ya zauna. Da aka sauka sai da ya yi ɗingishi har ya sha kwana kafin ya buɗe keken. Shi da bakinsa ya ba Tela labarin, abin da ya yi nadamarsa, don har yau Tela yakan yi masa sannu da jiki.

Abu ɗaya ne bai taɓa koya ba, shi ne sallama. A ganinsa mai tsayawa sallama shi mota ke bari: ka ce za ka fita, a ce ina, ka faɗa, a ce yaushe za ka dawo, a ba ka saƙo, a tuna wani saƙon. Don haka ba ya cewa komai. Keken ne ke magana a madadinsa, matar kuma ta iya yarensa sarai. In ya dawo ya jingine shi a ninke bayan ƙofa, wucewa yake, kada a ɓata ruwan wanka. In ya durƙusa ya tura shi ƙarƙashin gado, to zai kwana biyu. In kuwa tana kicin ta ji ƙwas daga ɗaki, ba ta ko leƙowa. Sai ta ɗebi shinkafar da ta auna ta mayar da rabon mutum ɗaya cikin buhu. Haka suka haifi 'ya'ya, haka suka aurar da su, ita a gindin firiza, shi a kan hanya.

Babbar 'yarsu ce kaɗai ba ta taɓa yarda da wannan tsari ba. Shi yana kiranta Uwata, gidan kuwa Alƙaliya ake ce mata, don tun tana 'yar ƙarama in yara suka yi faɗa ita ke zaunar da su ta yanke hukunci, ba a ɗaukaka ƙara. Tana aure can ƙarshen gari, a wani gida mai tsafta da shiru wanda uban bai taɓa iya wuni a cikinsa ba.

To, sai idon Mai Ƙanƙara ya fara hazo. Ta ɓoye har ta soma miƙa wa mai ruwan sanyi ƙanƙara, mai ƙanƙara ruwa. Aka je asibiti, aka ce yanar ido ce a duka biyun, za a fara da wanda ya fi muni. Aka yi aikin, aka rufe idon da bandeji, ɗayan kuwa inuwa kawai yake gani. Likita ya ce ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, ba hayaƙi, ga magani a riƙa ɗigawa a kan lokaci, safe da rana da yamma, kada a tsallake. Lallai a samu mai zama da ita.

A nan harabar asibitin Alƙaliya ta buɗe shari'a. Ta ce za ta tafi da uwarta gidanta, ta riga ta gyara ɗaki, kuma ba jinya kaɗai take nufi ba, zama ne gaba ɗaya. Mace ta tsufa tana auna shinkafa tana mayarwa, ya isa. Firiza a sayar ko a ba wani. Baba kuwa ga ɗakinsa nan, ai dama masauki ne a wurinsa.

Tashi-Mu-Je ya ji maganar kamar an zare masa sirdi yana kan gudu. Bai taɓa tunanin ɗakin nan ba tare da ita a ciki ba. Duk garin da ya je, duk shagon da ya kwana, a ransa tana nan inda ya bar ta, firiza na gurnani, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ya ce shi zai zauna. 'Yar ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba.

"Baba, kai da ko a layin asibitin nan sau nawa ka fita duba sikelin mutane?"

"Uwata, na ce zan zauna."

"To. Ranar da na ji ka sa ƙafa waje ka bar ta, ba zan yi magana ba, mota kawai zan kawo."

Ta saita wa uwar waya yadda maɓalli ɗaya za ta danna ta same ta, ta sa mata a ƙarƙashin matashi. Shi kuma a gabansu ya durƙusa ya tura keken can ƙuryar ƙarƙashin gado, har ya kara akwati a gabansa.

Kwanakin farko ya yi abin kirki, ba za a ci haƙƙinsa ba. Hannun da ya saba da allurar sikeli bai sha wahalar ɗiga magani ba. Ya dafa shayi, ya ƙona shinkafa, ya sayar da ƙanƙara yana auna kowace a tafin hannu yana gaya wa mai saye wadda ta fi nauyi. Amma tsakanin magani da magani akwai lokaci mai tsawo, lokacin nan kuwa shi ne abokin gabarsa. Ya zauna, ya tashi. Ya leƙa taga, ya dawo. Ƙafarsa ta dama tana rawa ita kaɗai har gadon na girgiza, matar ta ce ko ya sauka ko ya ɗaure ta. Ya kwance fanka ya wanke ya mayar, ta fara wata ƙara da ba ta yi a da. Ya cire ƙofar kabad ya daidaita. Ya sauko ya ce zai duba wa Tela keken ɗinki, Tela ya rungume abinsa ya ce ya rufa masa asiri, yana da iyali. Daga tasha kuma muryar yaran mota na shigowa ta taga suna kiran garuruwa, kowane gari ya san mai sikelin da ke jiransa a can, ya san ma wace allura ce ta kusa fara ƙarya. Wayarsa ta yi ta kuka har ya kashe ta ya sa a cikin safa tare da duwatsun awo.

Wata safiya, bayan maganin safe, Mai Ƙanƙara ta kwanta ta juya wa bango fuska, numfashinta ya daidaita. Ya zauna yana kallon ƙasan gado. Ya ce a ransa iskar taya kawai zai duba, kada zama ya cinye roba. Ya janye akwatin a hankali, ya jawo keken. Iska na nan. Ya ce to bari ya ga ko gaɓar ta yi tsatsa. Ya buɗe, yana riƙe da sakatar da yatsa don ta shiga a sannu, amma sakatar da ta shekara da shekaru tana abu ɗaya ba ta san sannu ba. Ƙwas.

Ya daskare. Matar ba ta motsa ba. Ya jira, ya ga ko yatsa ba ta ɗaga ba, ya ce barci ya yi nisa.

Alkawari dai ya ce kada ya sa ƙafa waje. Bai ce kada ya hau sama ba. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya fita da sanɗa ba takalmi, ya bi matakala har rufin gidan, inda ake shanya. Fili ne na siminti, tanki a tsakiya. Ya hau. Ya zaga tankin sau ɗaya, iska ta shiga rigarsa, ya ji wani abu da ya ƙulle a ƙirjinsa tun ranar asibiti ya saki. Ya sake zagawa. Yana sunkuyar da kai a ƙarƙashin igiyar shanya, zanen gadon mutane na shafar fuskarsa, ga tasha can ƙasa motoci na cika suna tashi. Duk wadda ta tashi sai ya bi ta a ransa: yanzu ta kai gada, yanzu ta wuce masaƙa, yanzu an tsaya shan mai. Ya raka wata har garin da kwalta ta ƙare, ya dawo ya ɗauki wata. Inuwar tanki ta matse ta koma gindinsa, lokacin maganin rana ya zo ya gota, mutumin naka yana can wani gari a kan rufin gidansu.

Abin da ya dawo da shi wata farar mota ce da ta shigo layin ta tsaya a ƙofar Tela. Ya san motar. Ta mijin Uwata ce.

Mutumin da ke ninke keke kafin yaron mota ya buɗe baki, ranar nan ya kasa. Ya ja sakata ta ƙi, ya ja sirdi maimakon kai, gaɓar ta datse masa yatsa. Ya haƙura ya saɓo shi a buɗe, yana gangarowa taya na bugun bango. Haka ya shigo ɗaki, ba takalmi, gumi sharkaf, keke a kafaɗa, yatsa a baki. In da wani ya yi niyyar ƙulla masa sharri, ba zai shirya shi fiye da haka ba.

Mai Ƙanƙara na zaune a bakin gado da mayafinta, wayar da ta danna tana hannunta. Alƙaliya ta riga ta ɗiga mata maganin, tana cusa kaya a jaka, ba ta ko ɗago ba. Ta cika alkawarinta, ba ta yi magana ba.

Ya fara bayani, bayanin na tuntuɓe. Bai fita ba, sama ya hau, a tambayi Tela. Tela dama yana bakin ƙofa, ya biyo sawu da tef a wuya don kada a ba shi labari. Ya ce shi dai tsakaninsa da Allah bai ga ya fita ta ƙofa ba, amma ba zai rantse a kan taga ba, don mutumin nan da kekensa ko ta bututun ruwa aka ce sun bi ba zai musa ba. Ba wanda ya yi dariya. Tela ya ja da baya kaɗan.

Sai matar ta yi magana, fuskarta na kallon inda take jin numfashinsa.

"Ni ban san sama ba, Malam. Ƙwas na ji."

"Ai na zaci kina barci."

"Ko a barci na san ƙarar nan. Tun ina da ƙuruciyata, in na ji ta, tashi nake in rage shinkafa. Yau na ji ta, na ce to yanzu me zan rage? Ko hanyar banɗaki ba na gani."

Ya sauke keken a hankali. Duk shekarun nan yana ganin dabara ce ya yi, ya huta da dogon zance. Bai taɓa tsayawa a wannan gefen ƙarar ya ji yadda take ba. Alƙaliya ta ja zif ɗin jaka, ta ce Mama ta tashi, mota na jira.

Bai roƙi kowa ba, don bai iya ba. Jakar aikinsa ya jawo, ya zazzage, duwatsun awo suka gangara cikin safunansu. Ya ɗauki filaya da ƙaramin guduma, ya durƙusa a gaban keken, ya cire ƙusar da ke riƙe da sakatar, ya buga ta fito gaba ɗaya. Keken ya rabu biyu ya zube yana reto, kamar ranar da aka kawo shi daga shagon gwanjo. Ya kamo hannun matar ya sa mata ƙarfen a tafi. Ɗan abu ne, bai kai tsawon yatsa ba, duk maiƙo.

Ta juya shi, ta shafa, ta tambaya mene ne. Ya ce ita ce mai ƙarar. In babu ita keken ba ya tsayuwa, kuma ba a samun irinta a kasuwa, ya nema ya gaji tun da daɗewa don ajiya.

Alƙaliya ta ce wannan duk wasan yara ne, mai son fita ai da ƙafa ma fita zai yi. Gaskiya ta faɗa, kowa a ɗakin ya sani. Uwar ta riƙa auna ƙarfen a hannu kamar yadda yake yi wa ƙanƙara. Can ta laluba wuyanta ta ciro igiyar da makullin firiza ke jiki, ta miƙa wa 'yar ta ce ta zura mata shi a ciki.

"Mama."

"Zura mini. Ki bar jakar a ɗaure, kada ki kwance. A ajiye ta bayan ƙofa, inda yake jingine kekensa."

Haka aka yi. Motar ta koma ba kowa a baya, jakar kuma ta zauna a bayan ƙofa tana kallonsa har aka gama jinyar idon farko, aka yi na biyu. Kada wani ya ce maka ya canja hali. Ya hau matakalar nan ya sauka har maƙwabta suka san takunsa, ya zaga tanki da ƙafa, ya gyara sikelin duk wanda ya yarda ya kawo masa gida, fanka kuwa sai da aka sayi sabuwa. Amma magani bai ƙara gota lokacinsa ba, in ka cire rana ɗaya da ya tsaya gardama da Tela.

Ranar da likita ya sallame ta, ta dawo tana ganin komai tar, har da abin da ba ta so gani ba: tukwanenta sun yi baƙi, ƙofar kabad a karkace. Ta bi shi da ido yana kai-komo tsakanin taga da ƙofa, ƙafa na rawa. Ta jure wuni biyu. A na uku da safe ta ciro igiyar, ta zare sakatar ta ajiye a kan firiza, ta ce ya je ya duba mutanensa kafin ya kwance mata rufin ɗaki, amma da yamma tana son abinta a hannunta.

Ya mayar da ita, ya buɗe keken, ƙwas. Ya ɗaure jaka, ya tura har bakin ƙofa. Sai ya tsaya, ƙafa ɗaya a waje, yana ta gyaran murya kamar mai shirin waƙa. Tela daga ƙasa yana ɗaga kai ya ga abin da ya riƙe shi.

"To," ya ce. "Zan fita. Kasuwar kifi, daga nan tsallaken gada. Zan dawo kafin rana ta faɗi."

Tana tsaye da kwanon awo a hannu, a kan buhun shinkafa. Ta ce ta ji, ai ba kurma ba ce, ya taho da sabulu. Sannan ta zuba na mutum biyu a tukunya.